DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA: Jawabi a Kan Abincin Majinyata a Asibitin Karkara

  

Kowane ɗan Daura ya tashi da labarin rijiyar Kusugu, yadda macijin nan Sarki ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. To, a yau akwai wani abu da ya tsaya tsakanin talakanmu da lafiya, sunansa yunwa. A kansa za mu yi magana, bisa abin da idonmu ya gani.

A daminar da ta wuce, mu wasu tsofaffin malaman makaranta mun ba da kanmu aikin sa-kai na 'yan makonni a wani ƙaramin asibiti da ke can kusa da iyakarmu da Nijar. Ba allura muke yi ba. Namu shi ne rubuta sunaye a kati, shirya layi, da yi wa mutanen ƙauye bayanin yadda ake shan magani.

Abincinmu ba shi da yawa, amma bai taɓa yankewa ba. Da safe koko da ƙosai, da rana fura da nono daga hannun matan Fulani, da dare tuwon gero da miyar kuka. Ran da aka yi sa'a a sami dambu da zogale, ko kwaɗon rama. Nama kuwa sai ranar kasuwa. Da farko mun ɗan yi gunaguni, irin na wanda ya saba da girkin gida. Kwana uku kacal muka yi, kunya ta rufe mana baki.

Dalili shi ne, asibitin ba ya ciyar da majinyaci. Kowa danginsa ne ke dafa masa. Bayan la'asar za ka ga mata sun jera murhu a gindin bedi, mai ɗan tsaki ta dama, marar shi ta zauna tana kallo. Wata rana muka ga wata baiwar Allah ta ɗaure kayanta za ta fita da yaronta, alhali likita bai sallame su ba. Muka tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, garin da na zo da shi ya ƙare, ga wasu yaran can gida." Mun sha ganin an ba mutum maganin da aka ce sai ya ci abinci zai sha, ya karɓa ya yi shiru, don ya san cikinsa babu komai.

Wannan kuwa ya fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yi yawa. Ma'aikata sun nuna mana ɗan zaren awo da ake naɗa wa a damtsen yaro: in bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Ba banza ba ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara jinyar yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021.

Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne, maganin yana gonakinmu. Akwai garin kunun da ake haɗawa da mudu 6 na gero ko dawa, mudu 3 na waken suya, da mudu 1 na gyaɗa, a soya a niƙa. Yaron da ya wuce wata 6, wanda ya fara cin abinci bayan nonon uwa zalla, wannan kunu yana gina masa jiki.

Saboda haka muke roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Na farko, a kafa rumbun majinyata, a sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha. Na biyu, masu gonaki a gida su tuna da fakirai da ke kwance a asibiti in sun tashi fitar da zakkar hatsi, wadda ita ce kashi 1 cikin 10 ga noman damina. Na uku, a naɗa amintattu daga Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, su riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a taron shekara.

'Yan'uwa, kun gina ajujuwa, kun haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah Ya saka da alheri. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Buhu guda daga kowannenku zai iya hana wata uwa fita da ɗanta kafin ya warke.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya maida kowa gidansa lafiya.