SHIRU MA AMSA CE: ABIN DA RIJIYAR GANGARA TA KOYA MINI

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



 Da sakataren ƙungiya ya ce in yi magana yau, na so in zille, domin a gaban malaman da suka sha ja mini kunne kan rubutun wasiƙa, ban ga ta inda zan fara ba. To amma da yake maganar tawa ta wasiƙa ce, sai na ga gara in zo su ji cewa wahalarsu ba ta tafi a banza ba.

Kamar yadda yawancinku suka sani, ni mutumin Gangara ne a ƙaramar hukumar Jibiya. Shekarun baya wata hukumar gwamnatin tarayya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta ba da kwangilar rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a gefen garinmu. Aka zo da mota aka haƙa, aka ɗora tanki a kan ƙarfe, aka kafa allo mai ɗauke da sunan aikin, daga nan ba mu sake ganin kowa ba. Damina biyu ta wuce tankin nan bai taɓa ganin ruwa ba. Yara suna wucewa ta ƙarƙashinsa da jarkoki a kan jaki. Dattawa sun je wurin kansila, kansila ya ce aikin ba na ƙaramar hukuma ba ne, kuma gaskiyarsa. Sai kawuna ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi jami'a kake aikin gwamnati, ba ka iya gano mana ko an biya kuɗin nan?"

Akwai dokar da aka yi domin irin wannan tambaya, wato Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Tun 1993 ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya suka fara fafutukarta. Ta shiga Majalisar Tarayya a 1999, majalisa ta amince da ita amma Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba, sai ranar 28 ga Mayu, 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba mata hannu. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, kowa yana da ikon ya nemi takarda ko bayanin da ke hannun hukuma, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema a madadinsa. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na buga kwafi ba. Hukuma kuwa kwana 7 aka ba ta ta amsa, in takardun suna da yawa ta ƙara wasu kwana 7, amma sai ta sanar da kai a rubuce.

Na zauna na rubuta wasiƙa. A nan zan faɗi gaskiya ko da za ku yi mini dariya: ban sa sunana ba. Sunan kawu na sa, shi ya sa hannu, saboda tsoron kada maganar ta zagayo ofishinmu. Aka kai wasiƙar, aka ce mu saurara. Muka saurara. Bayan wata guda na aika takardar tuni, aka ce oga ya yi tafiya. Bayan wani watan aka ce fayil yana sama. Ni da nake faɗa wa mutane irin waɗannan kalmomi a bakin aikina, sai ga shi ana faɗa mini ina gyaɗa kai.

Sai da aka kusa wata huɗu na kai kukana wurin wata 'yar ajinmu da ta zama lauya, tana nan zaune a cikinku, ta hana ni ambaton sunanta. Tambaya biyu ta yi mini. Ta farko, ina kwafin wasiƙar mai hatimin karɓa? Na ce masinja ya karɓa da hannunsa. Ta ce, "Malam, hannun masinja ba ya zuwa kotu." Ta biyu, yaushe aka kai? Da na faɗa mata sai ta buɗe dokar ta nuna mini wurare biyu da na karanta amma ban lura da su ba.

Sashe na 7 ya ce in hukuma za ta hana ka, dole ta rubuto maka, ta faɗi dalili, ta nuna sashen dokar da ta dogara da shi, ta kuma gaya maka cewa kana da ikon zuwa kotu. In kuwa wa'adi ya cika ba ta ce komai ba, doka ta ɗauka ta hana ka. Ashe shirun da muke zaune muna jira ya ƙare, shi ne amsar. Sashe na 20 kuma ya ce wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka hana shi ko ranar da doka ta ɗauka an hana shi. Ke nan duk lokacin da nake rubuta takardun tuni cikin ladabi, kwanakina ne suke ƙarewa. Kotu tana da ikon ƙara wa mutum lokaci, amma wannan roƙo ne, sai ka kawo uzurin da alƙali zai gamsu da shi.

Wannan shi ne babban abin da na zo in faɗa muku, domin tarbiyyarmu ta saba da shi. An koya mana cewa in ka nemi abu wurin babba ka yi haƙuri, kada ka matsa. A gida wannan daidai ne. A wannan doka kuwa, mai haƙurin wata biyu ya riga ya makara.

Shawarar da ta ba mu ita ce mu sake sabon lale. Muka rubuta sabuwar wasiƙa, wannan karon da sunana da na kawu. Muka daina cewa "muna neman bayani game da rijiya", muka ambaci abu huɗu da sunansu: takardar ba da kwangila, jerin ayyukan da aka ƙayyade da farashinsu, takardun biyan kuɗi, da takardar shaidar kammala aiki in akwai. Na kwafe sunan aikin harafi da harafi daga allon nan da rana ta fara cinyewa. Na kai da kaina ofishin rajista, na tsaya har akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafina. Ya ɗan yi tsaki, amma ya buga. Kwana 7 suka cika, shiru. Muka ɗan ƙara kwanaki don kada a ce mun yi gaggawa, sannan lauyarmu ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya tun wa'adin bai yi nisa ba.

Wani zai ce me ya sa sai kotu? Saboda dokarmu ba ta kafa wata hukuma ta musamman da za a kai wa kuka ba. A Ingila akwai kwamishinan bayanai, Indiya ta kafa irin wannan hukuma a dokarta ta 2005, Gana ma ta yi haka a tata ta 2019. Mu kuwa daga teburin akawu sai gaban alƙali, kuma a ganina wannan ne babban raunin dokar, domin manomin Gangara ba shi da kuɗin lauya, kuma ba kowa ne yake da 'yar aji lauya ba. Mutum yana iya kai koke Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975 kuma ba a biyan ko kwabo, yana iya rubuta wa ofishin Antoni Janar na Tarayya, wanda hukumomi suke kai wa rahoton shekara kan wannan doka. Duk suna da amfani, amma kada ka dogara da su har kwana 30 ɗinka su wuce.

In an je kotu, doka tana bayan mai nema ta fuskoki da dama. Hukuma ce za ta tabbatar da cewa tana da hujjar hanawa, kai ba a ɗora maka wannan nauyi ba. Alƙali yana da ikon ya duba takardar da idonsa. In aka tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, ɗaurin aƙalla shekara 1 ne. Sai dai kada in yaudare ku da batun sauri. Doka ta ce a saurari irin wannan ƙara cikin hanzari, amma ku dubi shari'ar da wasu masu fafutuka suka yi da hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo. An fara ta a 2014. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Benin ta ce dokar ba ta hau kan jihohi ba. Sai a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta warware, ta ce dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Shekara 11 ke nan. Amfanin da muka samu shi ne, yau ba ma'aikatar jiha ko sakatariyar ƙaramar hukuma da za ta ce maka wannan dokar Abuja ce.

Mu mutanen bakin iyaka akwai wata kalma da za ku riƙa ji, ita ce tsaro. Ba mai musun halin da Jibiya take ciki. Mun ga rufe iyaka a watan Agusta na 2019, mun ga hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. Doka ta yarda a ɓoye abin da zai cutar da tsaron ƙasa ko binciken masu laifi, kuma ni ma na yarda. To amma ta ce a auna da amfanin jama'a, ta ce in wani yanki na takarda ne kawai yake da matsala a cire shi a ba da sauran, ta kuma ce buga wa fayil hatimin sirri a ƙarƙashin dokar sirrin gwamnati ta 1962 bai isa hujja shi kaɗai ba. Farashin tankin ruwa ba sirrin soja ba ne. Haka ma wanda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar a 2021, ya bi ta gonarsa, yana da ikon ya tambayi ma'aunin da aka bi wajen ƙiyasta diyya.

To me ya faru da tamu? Ba mu kai ga hukunci ba. Bayan sammaci ya isa, kafin ranar zama, sai ga ambulan. Uku daga cikin takardu huɗu suna ciki. Jerin ayyukan ya nuna har da injin tura ruwa da faifan hasken rana da famfuna, takardun biya suka nuna an biya mafi yawan kuɗin. Takardar kammala aiki ce ba su ba mu ba, ba su kuma ce babu ba. Na karanta wa dattawa a zauren mai gari, layi-layi, ina fassarawa. Da kwafin nan suka koma wurin hukumar, bayan wasu makonni ɗan kwangila ya dawo ya sa inji da faifan. Ruwa yana zuwa, ko da yake famfo biyu ne ke aiki cikin waɗanda aka rubuta. Maganar sauran mun rubuta ta ga hukumar ICPC, wadda tun 2019 take bin diddigin irin waɗannan ayyuka.

Ga 'yan'uwana ma'aikata da ke nan, kuma muna da yawa, ni ma na taɓa jefa irin wannan wasiƙa a aljihun tebur, ba don mugunta ba, sai don ban san wanda zan kai wa ba kuma ina tsoron rantsuwar riƙe sirri. Sashe na 27 ya kare ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya bisa wannan doka. In wasiƙar ba ta ofishinku ba ce, doka ta ce a tura ta inda ta dace cikin kwanaki kaɗan a kuma sanar da mai ita. Tun daga lokacin, duk wadda ta zo teburina ina rubuta ranar cikar wa'adinta da jan biro a saman fayil kafin in kai wa oga.

Na zo da kwafin wasiƙarmu ta biyu, na cire sunaye, na bar ta wurin sakatare ga duk mai so ya kwafa. Malaminmu na Turanci ya riga ya duba ta ɗazu, ya ce akwai waƙafi biyu da ba su zauna daidai ba.