Shirin Ziyarar Tsaunin Mambila

Jama'a, duk mai niyyar ziyartar Tsaunin Mambila, a Jihar Taraba, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, sai ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Maris, gama da damina hanya takan lalace. Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti, sa'an nan a fara hawa daga Mayo Selbe, a nufi Gembu. Hawan yana da kwane-kwane, saboda haka direba ya duba birki, kada kuma ya hau da dare. Matafiyi ya riƙi bargo, domin tudun ya kai wajen mita 1,600. Mai son ganin gonar shayi ya ratsa Kakara. Ya riƙi katin shaidarsa, kada ya ƙetare iyaka sai da izinin hukuma. Allah ya kiyaye hanya.