Tsohon Jirgi a Kan Sabon Dogo

Abu ne da ya sha faruwa a Ingila. Dattijo ya rasu, 'ya'yansa su zo kwashe kayan gida, can a ƙarƙashin rufin ɗaki sai su ci karo da wani shuɗin kwali wanda ƙura ta lulluɓe. Da an buɗe sai ga kan jirgin ƙasa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma in an ɗauka a hannu sai a ji shi da nauyi kamar dutse. Abin wasa ne da aka saya wa marigayin yana yaro, shekara saba'in ko fiye da suka wuce. In aka yi dace akwai mai sha'awar irin wannan wasa a cikin magada, to, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ɗora jirgin mahaifinsa a kan nasa layin dogo na zamani, ya ga ko zai motsa. Sau da yawa ba ya motsawa. Wani lokaci ma wutar layin gaba ɗaya ce ke ɗaukewa.

Kafin a zo ga dalili, ya kamata mai sauraro ya san cewa a ƙasashen Turai da Amurka wasan jirgin ƙasa ba na yara ba ne kaɗai. Magidanta, har da masu furfura, sukan ware ɗaki guda su gina ƙasa sukutum a kan tebur: ga tasha, ga gada, ga tsauni da ramin da jirgi ke ratsawa, ga 'yan shanu suna kiwo a gefen dogo. Wani yakan shekara ashirin yana gini bai gama ba, kuma ba ya fatan gamawa.

Shuɗin kwalin nan daga birnin Libaful ya fito, daga masana'antar kamfanin Meccano da ke titin Binns Road. Wanda ya kafa kamfanin shi ne Frank Hornby, wani akawu da ya fara da ƙera wa 'ya'yansa 'yan ƙarafa masu huji waɗanda ake haɗawa da noti, ya kuma yi rajistar wannan dabara a 1901. A 1920 kamfanin ya fitar da jiragen wasa masu tafiya da sifirin, irin waɗanda ake murɗa wa makulli kamar agogon dā. Hornby ya rasu a 1936. Bayan shekara biyu, a 1938, aka fito da ƙananan jiragen da aka sa wa suna Hornby Dublo, masu gudu a kan dogon da faɗinsa milimita 16.5 ne. Ɗaya daga cikin kawunan jirgi biyu na farko kwaikwayo ne na jirgin nan mai suna Sir Nigel Gresley, ɗan'uwan Mallard, wanda a watan Yuli na wannan shekarar ya yi gudun mil 126 a sa'a, gudun da har yau babu jirgi mai tururi da ya wuce shi.

Abin mamaki shi ne faɗin dogon bai canja ba. Milimita 16.5 ne a 1938, milimita 16.5 ne a kantin yau. A manyan jirage na gaske, in an ce tsohon jirgi ba ya hawa sabon layi, faɗi ne dalili. Tsohon layin da ya isa Kano a 1911 faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, shi kuwa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi, saboda haka taragon wancan ba ya hawa wannan. Amma jirgin shuɗin kwali yana zama daram a kan sabon dogo. Matsalarsa a wani wuri take.

Tana ga hanyar da wuta ke bi. Tsohon layin Dublo ƙarfe uku gare shi. Na tsakiya shi ke kawo wuta, wasu 'yan cokula biyu a ƙarƙashin kan jirgin suna gogarsa suna ɗauka, sa'an nan wutar ta koma ta ƙafafun jirgin zuwa ƙarafa biyu na gefe, waɗanda a haɗe suke da juna. Don haka maƙeran ba su ga dalilin raba ƙafar dama da ta hagu ba: ƙafafun ƙarfe ne, sandar da ta haɗa su ma ƙarfe. Layin zamani kuwa ƙarfe biyu ne kawai, wuta ta shigo ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Da zarar an ɗora tsohon jirgi a kai, sai sandar nan ta zama gada tsakanin ƙarafan biyu, wuta ta haɗu, na'urar tsaro ta yanke ta. Ba kan jirgin kaɗai ba, ko tarago guda mai ƙafar ƙarfe ya isa ya tsayar da kome.

Wannan ƙarfe na uku yana cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin. Abokin gasarsa, watau Tri-ang, ya riga ya cika kantuna da jiragen roba masu araha, masu gudu a kan ƙarfe biyu, waɗanda suka fi kama da dogon gaske. Meccano bai fito da nasa mai ƙarfe biyu ba sai 1959, a cikin jajayen kwalaye, alhali kasuwa ta riga ta kuɓuce masa. A 1964 masu Tri-ang suka saye kamfanin, sunan Hornby ya koma kan kayan abokan hamayya. An rufe masana'antar Binns Road a 1979.

To, ko da an yi sa'a jirgin na jan kwali ne, ko kuma na Tri-ang, ba a tsira ba tukuna. Kowace ƙafar jirgi tana da leɓe a gefen ciki, shi ke hana ta sauka daga dogo. Maƙeran dā sun yi leɓen nan da zurfi da kauri, domin sun san a kan dardumar falo yaro zai shimfiɗa layinsa, a karkace. Masu wasan yau kuwa kamanni suke nema, suna son siririn ƙarfe. Wanda aka fi sani tsayinsa milimita biyu da rabi ne, akwai kuma wanda bai cika milimita biyu ba. A kan wannan na biyun, leɓen tsohuwar ƙafa yakan riƙa dukan abin da ke riƙe da ƙarfen, jirgin ya dinga tsalle kamar amalanke a kan tsakuwa. In ya iso mararraba, inda layi ke rabuwa biyu, sai ya cije ko ya tuntsure, don tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa ba ta yi daidai da ramin da aka bar masa ba. Rabin milimita ya isa ya jawo haɗari.

Sai kuma babbar magana, watau irin wutar da ke kan layin. A dā, ƙa'idar mai sauƙi ce: a ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, har zuwa bolt 12, a rage ya lafa, a juya ta ya koma da baya. Duk jirgin da ke kan layi ɗaya umarni ɗaya yake bi. A ƙarshen shekarun 1980 wani kamfanin Jamus mai suna Lenz ya ɓullo da tsarin da ake kira DCC, wanda ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta karɓa a matsayin ƙa'ida a farkon shekarun 1990. A wannan tsari wuta cike take a kan layi koyaushe, kimanin bolt 15, tana juyawa gaba da baya sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma a cikin wannan juyin ne ake aika saƙo. Kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar na'ura wadda ba ta fi farcen babban yatsa ba, tana da lambarta, ba ta amsa kiran kowa sai nata. Da haka mutum ɗaya zai iya tafiyar da jirage da yawa a layi guda, kowanne da gudunsa.

Tsohon jirgi bai san wannan yare ba. In an ajiye shi a kan irin wannan layi, sai a ji yana ƙugi kamar zuma a cikin tulu, injinsa yana rawa a wuri ɗaya yana ɗaukar zafi. In an manta da shi, siririyar wayar da aka naɗe a cikin injin za ta ƙone.

Ana iya koya masa yaren, amma sai an yi masa fiɗa. Dole a sauya ƙafafun gefe ɗaya da waɗanda aka raba da sandarsu da roba, a cire cokulan, a sa wasu 'yan wayoyi masu shafar ƙafa. A tsofaffin injuna, ɗaya daga cikin burushi biyu a jikin gangar jirgin yake sauke wutarsa. In ba a raba shi da gangar ba, 'yar na'urar za ta mutu a karon farko. Ga kuma ci. Tsohon inji yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da na zamani ke ja, musamman in maganaɗisunsa ya yi sanyi, abin da yakan faru in an taɓa zare shi daga mazauninsa. Magani shi ne a sake cusa masa ƙarfi da na'ura, ko a musanya shi da irin sabon maganaɗisun nan mai tsananin kamu.

A nan ne masu abin suka rabu, kuma rabuwar ba ta wasa ba ce. Masu tara kayan tarihi suna cewa duk wanda ya huda gangar jirgin 1950 ya ɓata abin da ba za a sake ƙerawa ba. Suna da hujja ko a wajen gwanjo, inda jirgin da ba a taɓa ba, yana cikin kwalinsa na asali, ya fi wanda aka gyara daraja nesa ba kusa ba. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa don gudu aka yi shi, jirgin da ke kwance cikin kwali gawa ce mai kyan fenti.

Hujjar masu kwali tana da rauni guda. Ajiya ba ta ba da tabbaci. Gangar waɗannan jirage da wani haɗin ƙarfe aka zuba ta, wanda yawancinsa tutiya ce. In dalma ta shiga haɗin tun ranar zubi, ko da 'yar kaɗan ce, to cuta ta shiga. Bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, daga bisani ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, laima kuma tana gaggauta abin. Kayan da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu sun fi kamuwa, kuma ba ta da magani, ko jirgin yana gudu ko yana kwance. Ban da wannan, man da ke cikin haƙoran injin yakan daskare ya zama kamar danko. Mutum na iya rufe kwali shekara talatin yana ganin ya yi tanadi, ya buɗe ya tarar da ƙafafun sun zube.

Akwai hanya ta uku, ga alama kuwa ita ce ta fi hankali: a bar jirgin yadda yake, a gyara masa ƙasa. Mai layi yakan ware zagaye ɗaya a gefen teburinsa, ya shimfiɗa ƙarfe mai tsayi, ya sa na uku a tsakiya, ya ba shi tasa wutar dabam wadda ba ta haɗuwa da ta sauran. Wasu sukan ari dabarar kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda bai taɓa barin tsarin wutar tsakiya ba, sai dai tun shekarun 1950 ya mayar da ƙarfen tsakiyar wasu 'yan ƙusoshi da ba a cika lura da su ba. In an ɗaura wa tsohon jirgi doguwar tafin ƙarfe a ƙarƙashi, sai ya bi ta kansu sumul, kuma ranar da aka so a kwance ta jirgin ya koma yadda aka saye shi. Amurkawa masu jiragen Lionel sun fi kowa hutawa a nan, domin har yanzu ƙarfe uku kamfanin ke amfani da shi, jirgin kaka yana hawa layin jika ba da wata wahala ba.

Abu ɗaya ne bai kamata a yi jayayya a kansa ba, shi ne tsohuwar taransifoma. Jirgin lantarki na farko da Hornby ya fitar a 1925 daga wutar gida yake sha kai tsaye, ƙwan fitila kawai aka sa a tsakani don rage ƙarfinta, yaron da ya taɓa layin kuwa yana iya jin ta a jikinsa. Waɗanda suka biyo baya sun fi wannan aminci, amma robar da ta rufe wayarsu ta shekara sittin ko saba'in tana bushewa. Jirgin bolt 12 ba ya kashe mutum, amma akwatin da ke haɗe da bango yana iyawa. Wannan kam a ajiye shi a kan kanta don kallo, a sayi sabo.

Sha'awar ba ta mutu ba. Tun 1969 masu tara kayan Hornby suke da ƙungiyarsu, a garin Brighton kuma akwai gidan adana kayan wasa inda ake nuna irin waɗannan jirage. A 2020, da kamfanin Hornby na yanzu ya yi bikin cika shekara ɗari da fara jiragen, sai ya farfaɗo da sunan Dublo, ya fitar da kawunan jirgi masu gangar ƙarfe kamar na dā, amma na ƙarfe biyu, da wurin sa 'yar na'urar zamani.

Shi kuwa magajin da ya tsinci shuɗin kwali, aikinsa na daren farko kaɗan ne. Zai kwance noti ya ɗaga gangar, ya wanke daskararren mai, ya ɗiga sabo da bakin allura, ya goge ƙafafu da cokula har su yi ƙyalli. Sa'an nan ya haɗa tsohon layin gwangwanin a kan tebur, ya murɗa wuta a hankali. Da farko ƙugi kawai zai ji, da ɗan warin mai mai zafi. Sai ya ɗan tura jirgin da yatsa. Zagaye na farko da ɗingishi yake yinsa, yana tsayawa a duk inda tsatsa ta kama. Wajen zagaye na biyar ƙafafun sun share wa kansu hanya, ƙarar ƙarfe a kan gwangwani ta cika ɗakin, har a ɗaga murya kafin a ji juna.