Wa ya ba manhaja izinin buɗe takardarka?

Ku leƙa shagunan buga takardu na Kakuri da Barnawa. Mai shago ya saka sabuwar manhajar ofis, ɗalibi ya kawo takardar Word a filasha. Ana dannawa sai baƙuwar manhajar ta yi wuf ta buɗe ta: layuka sun goce, shafi guda ya koma biyu, an yi asarar tawada da man janareta.

Wannan ƙwace ne. Ya kamata manhaja ta tambayi mai kwamfuta a fili lokacin sakawa, kada ta zaɓar masa. Tun 2015 Windows 10 ta mayar da wannan hukunci hannun mai na'ura, kuma daidai ne. Ranar da aka cire manhajar kuma, ya kamata ta mayar da kowane fayil inda ta same shi.