Littafin Soyayya da Kasuwarsa: Darasi Daga "In Da So Da Ƙauna"



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda littafin soyayya wanda marubucinsa ya buga da kuɗin aljihunsa ya sami kasuwar da ba wanda ya yi tsammani, da kuma abin da wannan ke koya mana game da masu karatun Hausa. Misalin da na zaɓa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a Kano wajen shekarar 1990.

Kafin mu gane abin mamakin da ke ciki, tilas mu koma baya kaɗan. Ƙagaggen labari na boko a Hausa daga hannun hukuma ya faro. A 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Daga nan aka sami Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan NORLA, kana NNPC a 1966. Watau kusan shekara hamsin hanya ɗaya ce: marubuci ya kai rubutunsa Zariya, a duba, in an yarda a buga, a kai makarantu. Babban mai saye hukumar ilmi ce, mai karatu kuwa ɗan makaranta ne wanda jarrabawa ke jira. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda ya buɗe ƙofar labarin soyayya na zamani a 1980, ta gasar NNPC ya fito.

To, sai abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, shirin ba da ilmin firamare kyauta na UPE wanda aka soma a 1976 ya cika azuzuwa da yara, ga kuma Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980 ta koya wa magidanta da matan aure karatu da rubutu. Bayan shekara goma waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata, sun iya karanta Hausa, Turancinsu kuwa bai kai su ji daɗin labari da shi ba. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya suka tsaya ga littattafan makaranta. Ga masu karatu sun yawaita, ga masu bugawa sun janye. Wannan giɓi ne marubuta irin su Talatu Wada Ahmed, mai Rabin Raina, da Balaraba Ramat Yakubu, mai Budurwar Zuciya, suka shiga cikewa da kansu.

A cikin wannan hali ne In Da So Da Ƙauna ya fito. Marubucinsa ba malamin jami'a ba ne, bai kuwa fito daga wata hukuma ba. Karatun allo ya yi, ya shiga boko ta ajin manya. Labarin kansa mai sauƙi ne. Sumayya, 'yar masu hali, ta ƙallafa ranta a kan Muhammad, yaro talaka. Iyaye suka fi son Abdulƙadir mai dukiya, aka matsa mata, har ta kai ga faɗawa rijiya. Littafin ya yi ta ƙarewa a kasuwa ana sake bugawa, aka juya shi zuwa Turanci, aka kuma mai da shi fim a 1994. Suna ya kai marubucin har gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON a 2014.

Mene ne ya jawo wannan? Ni a ganina dalilai uku ne, kuma babu sa'a a cikinsu sai kaɗan.

Dalili na farko shi ne jigo. Auren dole da fifita mai kuɗi a kan talaka magana ce da ake yi a kowane zaure da kowane tsakar gida, amma littattafan makaranta ba su cika taɓa ta ba. Budurwar da ta karanta labarin Sumayya ta ga damuwarta ce a rubuce, da harshen da take magana da shi. Masu nazari sun nuna cewa finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana kallo a gidajen silima na Kano, sun riga sun saba wa jama'a da irin wannan rikici tsakanin son zuciya da biyayya ga iyaye. Marubucin Hausa ya kawo rikicin gida, ya sa masa sunayen unguwa.

Dalili na biyu shi ne farashi. Waɗannan littattafai ƙanana ne, a kan takarda mai araha, kuma akan raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, a yanke shi daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba. Ɗaliba na iya tara kuɗin tara ta sayi na ɗaya, kuɗin na ɗaya kuwa shi ke biyan maɗaba'a a buga na biyu. Da haka marubuci mai ƙaramin jari ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Dalili na uku shi ne hanyar rarrabawa. Littafin bai jira kantin littattafai na zamani ba. Ya bi hanyar da atamfa da turare ke bi: daga dillalan kasuwar Sabon Gari zuwa 'yan tebur, zuwa tashar mota, zuwa garuruwan Arewa har da ƙetare iyaka zuwa Nijar. Akwai masu ba da haya, akwai aro daga hannu zuwa hannu a makarantun kwana da cikin gidajen aure, ta yadda kwafi ɗaya kan ratsa hannu da yawa. Marubutan kuma suka kafa ƙungiyar Raina Kama, inda littafin wani kan tallata na wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuwa gane haka tun da wuri.

Ba a karɓi wannan nasara hannu bibbiyu ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa irin waɗannan rubuce-rubuce sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya ya kare su, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Gaskiya ne, sukar ba duka ce ta banza ba. Da yawa daga cikin littattafan an buga su ba edita, ƙa'idojin rubutu a karye, ba shekarar bugu, wasu ma kwaikwayon juna kawai suke yi. Amma laifin tuwo ba ya hana a gane cewa akwai mai jin yunwa. Daga cikin wannan kasuwa ce Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito, wanda wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Abin ba a ƙasar Hausa kaɗai ya faru ba. A Amurka, Colleen Hoover ta buga littafinta na farko, Slammed, da kanta a 2012, masu karatu suka yi ta faɗa wa juna har ya shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa na jaridar New York Times, sa'an nan manyan kamfanoni suka biyo ta. Can ma masu karatu ne suka riga masana gani. Abin da tashar mota ta yi wa marubucin Kano, shi intanet ta yi wa wannan mata. A yau kuma marubutanmu, musamman mata, sun koma sayar da labaransu shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, watau tsohuwar dabarar nan ta kashi ɗaya da kashi biyu ce a cikin sabuwar riga.

Daga ƙarshe, ina da kira iri biyu. Ku ma'aikata, musamman na ma'aikatun ilmi da ɗakunan karatu, littattafan nan suna ɓacewa, domin takardarsu ba ta da ƙarko, kuma kaɗan ne aka adana. Tarihin tunanin matasan Arewa na shekara talatin yana cikinsu. A tattara su a ajiye, a kuma taimaki marubuta da horo kan ƙa'idojin rubutu, wanda ya fi ƙona littafi amfani da araha. Ku kuma ɗalibai, kada ku yanke wa littafi hukunci saboda bangonsa ko saboda inda ake sayar da shi. Ku karanta, ku auna, ku raba tsaki da tsakuwa. Harshe yana rayuwa ne muddin akwai mai cire kuɗinsa ya sayi abin da aka rubuta da shi ba tare da an tilasta masa ba, kuma In Da So Da Ƙauna ya tabbatar mana cewa Hausa tana da irin waɗannan mutane da yawa.