Abin da ke Cikin Adakar Kaka



Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, kakanninmu mata suka fito da adaka a kai. A ciki akwai zanen saƙi, da gwado, da rigar tsamiya mai aska takwas. Abin da ruwa bai ci ba, yau mu ke kashe shi, muna ganin gata muke yi masa.

Mukan ƙulle shi a leda, leda kuwa laima take riƙewa, damina ɗaya sai fumfuna ta hau. Mukan jiƙa shi da garin sabulu, shuni ya zube. Rigar kore ma ba ta wanki ba ce, ta mabugi ce. In wanki ya zama dole, ruwan sanyi, ban da murza, a shanya a inuwa.

Mu naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga, da busasshen ganyen dogon yaro saboda asu, mu ɗora adakar bisa bulo saboda gara. Hunturu na shigowa a fito da shi ya sha iska, a sauya ninki, domin daga ninki yake fara tsagewa.

Ɗalibanmu na Mafara da Bakura sun san shadda, da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin masaƙi a bakin aiki. Zango mai zuwa kowannenmu ya roƙi aron zane ɗaya daga gida, a shimfiɗa bisa tebur nesa da taga, kada a kafa masa ƙusa. A gayyato mai shi ta faɗa wa yara wanda ya saƙa, da ranar da ta fara ɗaura shi.