Maganin Ciwon Daji Da Mantuwa

Ku ajiye fensir tukuna, ku kasa kunne, yau lacca ce.

Zancenmu a kan ciwon daji ne, wanda waɗansu ke kira sankara, waɗansu kansa. Ana maganinsa a manyan asibitoci, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano. A cikin magungunansa akwai wani mai ƙarfi da ake ɗura wa mutum ta jijiya, kamar ƙarin ruwa. Sunansa kemo. Akan ba mutum, ya huta makonni, a sake ba shi.

Kemo yana kashe ƙwayoyin ciwon, amma yakan taɓa lafiyayyen jiki. Gashi ya zube, a yi ta amai, jiki ya mutu. Akwai kuma wata wahala da ba a cika faɗa ba, ita ce mantuwa. Na ga wannan a gidanmu. Sa'ad da ake yi wa gwaggona kemo, sai ta ɗora tukunya ta manta. Ta shiga ɗaki ta rasa abin da ya kai ta. Mutanen gida suka fara raɗa, wai an yi mata sammu. To, ba sammu ba ne, ba kuma hauka ba. Likitoci sun san abin sarai. Ga mutane da yawa mantuwar tana raguwa cikin watanni bayan an gama magani, waɗansu kuwa takan daɗe musu.

Me ke kawo ta? Ku tuna fartanyar da aka bari waje da damina, yadda tsatsa ke cin ta. Ku tuna goro, in an tsaga shi ya sha iska, yadda yake sake launi. Irin wannan lalacewa tana faruwa cikin jikin mutum. Waɗansu magungunan kemo suna ƙara ta, kamar wani ja da ake kira doksorubisin, har abin ya shafi ƙwaƙwalwa. Ƙarancin jini da rashin barci da zulumi su ma suna ƙara mantuwa.

To, akwai abubuwan da ke tare wannan tsatsa, kamar yadda mai ke tsare ƙarfe. Masana suna kiransu antioksidan, mu ce masu hana tsatsa. Bitamin C da bitamin E suna cikinsu. A shekara ta 2008 masana a jami'ar West Virginia ta Amurka suka ba ɓeraye kemo, ɓerayen suka yi mantuwa. Waɗanda aka haɗa musu da wani mai hana tsatsa kuwa ba su yi ba.

Mai jin wannan zai ce, “Ai shi ke nan, sai in je kemis in sayo ƙwayoyin bitamin.” A'a, ɗan'uwa, dakata. Ɓera ba mutum ba ne. A shekara ta 2019 aka bayyana wani bincike da aka yi a kan masu ciwon daji na nono su 1,134. Waɗanda suke shan ƙwayoyin hana tsatsa tun kafin kemo, suka ci gaba da sha ana yi musu kemo, an ga alamar ciwon ya fi komo musu. Likitoci suna tsoron kada ƙwayar da aka sha don ta tsare ƙwaƙwalwa ta tsare ciwon shi ma. Ka ga garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka ga abin da za ku riƙe.

Na ɗaya, kada mai kemo ya sha ƙwayar bitamin, ko tsimi, ko sassaƙe, ko garin magani na kasuwa, sai ya nuna wa likitansa. Ya tafi da kwalbar ko ƙullin asibiti a gani.

Na biyu, ya nemi masu hana tsatsa cikin abinci, gama abin da ke cikin abinci daidai wa daida ne. Muna da su: zogale, alayyafo, tumatir, karas, gwaiba, lemo, mangwaro, gwanda, gyaɗa da wake. Amma a wanke da ruwa mai tsabta, a ɓare 'ya'yan itace, a dafa ganye, don mai kemo ba shi da ƙarfin tare cuta. In zazzaɓi ya kama shi, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Na uku, ya riƙa tattaki kowace rana gwargwadon ƙarfinsa, ya yi barci isasshe. In mantuwa ta yi yawa a gaya wa likita, watakila ya auna jininsa.

Na huɗu, kada a bar kemo saboda mantuwa. Wanda ya bar magani a tsakiya ya ba ciwo dama.

Na biyar, wannan naku ne, ku 'yan aji. Abin da kai ya manta, takarda ba ta mantawa. A sayi ɗan littafi, a rubuta ranar komawa asibiti, da sunan kowane magani, da lokacin shansa, da tambayar da za a yi wa likita. Haka muka yi wa gwaggona, wata jikarta ke rubutawa tana karanta mata kowace safiya. Ba ta taɓa kuskure ranar asibiti ba. In mara lafiya bai iya karatu ba, kai da ka iya sai ka zama magatakardansa. Kada kuma a yi masa dariya ko tsawa in ya maimaita tambaya.

To, yanzu ku ɗauki fensir. Kowa ya rubuta abinci biyar cikin waɗanda na ambata, in zaga in duba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.